Yadda na haɗa ma'ajiyar NAS don raba fayiloli da adana kwafinsu

Mu kaɗan ne muke aiki tare, amma fayilolin da muke tarawa suna da yawa da nauyi: takardu, hotuna, da bidiyon da kowane ɗaya kan ci gigabait masu yawa. Kafin mu sake tsari, waɗannan abubuwa sun warwatsu a kwamfutoci daban-daban da filashi da fayafan da ake maƙalawa ta USB, ta yadda takarda ɗaya kan samu kwafi uku ko huɗu, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa nasa ne na ƙarshe. Da aka ɗora mini alhakin gyara lamarin, sai na yanke shawarar kafa na'urar NAS, wato akwati mai ɗauke da fayafan ajiya da ƙaramar kwamfuta a cikinsa, wanda ake haɗawa da rauta domin kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa ɗaya ta riƙa karantawa da ajiyewa a wuri guda.

Tambaya ta farko ita ce ko in sayi akwatin da aka riga aka harhaɗa, irin na kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, ko kuwa in ɗauki tsohuwar kwamfuta in ɗora mata manhaja irin TrueNAS ko OpenMediaVault, waɗanda ake samu kyauta. Hanya ta biyu tana ba mutum cikakken iko, kuma da don kaina kaɗai zan yi, ita zan bi. Sai dai na'urar da mutane da yawa za su dogara da ita bai kamata ta zama abin da mutum ɗaya kaɗai ya san kansa ba, domin ranar da ba na nan dole wani ya iya buɗe shafin sarrafa ta ya gane abin da ke faruwa. Saboda haka na zaɓi harhaɗaɗɗen akwati mai gurbi huɗu.

Zaɓen fayafai ya fi zaɓen akwatin cin lokaci. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don su yi ta juyawa dare da rana kusa da juna, kamar IronWolf na Seagate, da N300 na Toshiba, da Red Plus na Western Digital, amma sunan da ke jikin kwali bai wadatar ba, sai mutum ya duba yadda faifan ke jera bayanai a cikinsa. A tsarin da ake kira CMR, kowane layin rubutu yana zaune daban da maƙwabcinsa. A tsarin SMR kuwa layukan suna hawa gefen juna kamar yadda ake jera kwanon rufi, wanda hakan ke ƙara yawan abin da faifan zai ɗauka, amma idan za a sake rubuta layi ɗaya sai an sake rubuta waɗanda suka hau kansa. A aikin yau da kullum ba lallai a lura da bambancin ba, amma lokacin da na'ura take sake gina faifan da aka sauya, wato cike sabon faifai da bayanan wanda ya lalace, tana rubutu ba ƙaƙƙautawa na tsawon sa'o'i, a nan ne faifan SMR kan yi nawa matuƙa. A shekarar 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan da aka gano cewa ana sayar da wasu fayafan NAS masu tsarin SMR ba tare da an bayyana hakan ba, kuma tun daga lokacin masu ƙerawa suka fara rubuta shi a takardar bayanin kowane samfuri. Na bi lambar samfurin ɗaya bayan ɗaya na tabbatar duka huɗun CMR ne, masu terabait 4 kowanne, sannan na saye su daga wurare biyu domin kada su zama 'yan rukuni ɗaya daga masana'anta, tunda fayafan da aka ƙera tare, suka kuma yi aiki tare, suna iya gajiya kusa da juna.

Harhaɗawar ba ta da wahala. Kowane gurbi yana da tire da ake zarowa, a kwantar da faifan a ciki ta yadda bakinsa na SATA zai fuskanci baya, a ɗaure shi, a tura tiren a hankali har sai an ji ya zauna daram. Kafin in tura kowanne, na rubuta lambobin ƙarshe na lambar shaidarsa a 'yar takarda na manna a gaban tiren, domin ranar da na'ura ta ce faifai kaza ya lalace, kada hannu ya zaro mai lafiya. Na ajiye akwatin a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, inda iska ke ratsawa ta gaba da baya, na haɗa shi da rauta da kebul na Cat5e, wanda ke ɗaukar gudun gigabit ɗaya har tsawon mita 100. Wutarsa kuma ba ta tafi kai tsaye zuwa bango ba, ta bi ta na'urar UPS mai batiri, tare da wani siririn kebul na USB tsakanin su biyun, wanda ta nan ne UPS ke sanar da akwatin cewa wuta ta ɗauke.

Da na kunna, sai na duba jerin na'urorin da rauta ta gani, na samo adireshin IP na akwatin, na rubuta shi a burauza. Shafin farko ya nemi izinin ɗora babbar manhajar na'urar, tare da gargaɗin cewa duk abin da ke cikin fayafan zai goge. Bayan ta kammala, na ƙirƙiri asusun mai gudanarwa da suna na daban, na kashe asusun da na'urar ta zo da shi, domin shi ne sunan farko da masu kutse ke gwadawa, sannan na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman lambar da manhajar waya ke sauyawa duk daƙiƙa 30. A cikin rauta kuma na keɓe wa akwatin adireshi ɗaya na dindindin, don kada wata rana a wayi gari ya koma wani adireshin, kwamfutoci su neme shi su rasa.

Daga nan sai batun RAID, wato yadda za a haɗa fayafan su zama ma'ajiya ɗaya. Sunan ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa a 1988 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma lissafin bai sauya ba har yau. Da fayafai huɗu masu terabait 4, tsarin RAID 5 zai ba ni terabait 12 ya kuma jure mutuwar faifai ɗaya, yayin da RAID 6 zai ba ni terabait 8 kacal amma ya jure mutuwar biyu. Asarar terabait 4 ba ƙaramin abu ba ne, kuma na daɗe ina auna ta. Abin da ya raba gardama shi ne tunanin abin da ke faruwa bayan faifai ɗaya ya mutu a RAID 5: sai an karanta kowane sashe na sauran ukun daga farko har ƙarshe kafin a cike sabon, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu sauran kariya ko kaɗan, alhali a daidai lokacin ne ake matsa wa tsofaffin fayafan fiye da kullum. Na zaɓi RAID 6. Da ma'ajiyar ta bayyana, shafin ya nuna ɗan abin da ya haura 7, ba 8 ba, kuma dalilin shi ne masu ƙera faifai suna ƙirga terabait da dubu-dubu, manhaja kuwa tana ƙirgawa da 1024, shi ya sa faifan terabait 4 ke bayyana a matsayin 3.64, ga kuma ɗan abin da babbar manhajar ke keɓe wa kanta.

Ban zuba ko fayil ɗaya ba sai da na gwada fayafan. Kowane faifai yana da tsarin duba lafiyar kansa mai suna SMART, kuma dogon gwajinsa yana bin saman faifan gaba ɗaya, abin da ke cin sa'o'i masu yawa. Da duka huɗun suka tsallake, sai na zuba wasu fayilolin gwaji, na zare faifai ɗaya da gangan alhali na'urar tana aiki. Nan take ta fara ƙara, fitilar gaba ta sauya launi, saƙon gargaɗi ya shigo imel ɗina, amma bidiyon gwajin da nake kallo daga cikinta bai ko tsaya ba. Na mayar da faifan, na ba da umarnin gyara, na ga yadda ake sake gina shi da tsawon lokacin da hakan ke ɗauka. Irin wannan gwaji a wannan matakin kaɗai yake da sauƙi, lokacin da babu abin da za a yi asara.

Tsarin fayil da na zaɓa shi ne Btrfs, saboda abubuwa biyu da yake da su. Na farko, yana lissafa wata lambar tantancewa ga kowane guntun bayani, ta yadda idan wani sashe ya ruɓe a ɓoye, na'urar za ta gane, ta gyara shi daga sauran fayafan. A na'urata ana kunna wannan ne a lokacin ƙirƙirar folda, ba a iya kunna shi daga baya, saboda haka na kula da wannan ɗan akwatin zaɓi a kowace folda. Na biyu kuma shi ne ɗaukar hoton yanayin fayiloli, wanda zan zo kansa a gaba.

Rabon izini shi ne sashen da ya fi buƙatar tattaunawa da mutane fiye da danna maɓalli. Na buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa, na ƙi amincewa da asusu ɗaya na gama-gari duk da cewa shi aka fi so don sauƙinsa, domin idan abu ya ɓace babu yadda za a san ta hannun wa ya bi, idan kuma wani ya bar aiki sai an sauya wa kowa kalmar sirri. Na ba da izini ga rukuni maimakon ɗaiɗaikun mutane: foldar ayyukan da ake kan yi kowa yana karantawa yana rubutawa, foldar ayyukan da aka kammala kowa yana karantawa amma mutum biyu kaɗai ke iya sauya wani abu, foldar takardun kuɗi da na ma'aikata kuwa ba ta ma bayyana ga wanda ba shi da izini. Ni kaina ina aikin yau da kullum da asusu na talaka, na mai gudanarwa sai idan zan taɓa saiti.

Kwamfutocin suna magana da akwatin ta ƙa'idar SMB, wadda Windows ke amfani da ita tun asali, Mac ma ta koma kanta, Linux kuma ke samu ta manhajar Samba. A Windows ana rubuta \\192.168.1.20\Ayyuka a saman tagar fayiloli, a Mac kuma smb://192.168.1.20, lambobin nan kuwa su ne adireshin akwatin, sai a shigar da suna da kalmar sirri, foldar ta zauna tamkar faifan da ke cikin kwamfutar. Na bar siga ta 2 da ta 3 na ƙa'idar a buɗe, na rufe ta 1, wadda ta rauninta ne manhajar WannaCry ta bi ta bazu a duniya a watan Mayu na 2017. Wannan ya jawo wata 'yar matsala, domin tsohuwar na'urar sikana da muke da ita ba ta san wata siga ba sai ta 1, ta kuma daina ajiye takardu a folda. Buɗe tsohuwar ƙofa ga kowa saboda na'ura ɗaya bai kwanta mini ba, saboda haka na saita ta ta riƙa tura abin da ta ɗauka ta FTP, wata ƙa'idar tura fayiloli ta daban, zuwa folda ɗaya tak, da asusun da ba ya ganin komai sai ita.

Kwashe tsofaffin fayiloli ya bi lissafin kebul. Gigabit ɗaya a daƙiƙa daidai yake da megabait 125, a aikace kuma ana samun kusan 110, wato terabait ɗaya na manyan bidiyo yana ɗaukar kimanin sa'a biyu da rabi. Foldar da ke cike da dubban ƙananan takardu kuwa tana tafiya a hankali ƙwarai, domin kowane fayil sai an buɗe shi an rufe shi daban, kuma ta Wi-Fi abin ya fi haka muni, shi ya sa na sa aka jona kowace kwamfuta da kebul a lokacin kwashewar. Na yi amfani da manhajar rsync, wadda ke ci gaba daga inda ta tsaya idan an katse ta, na kuma sake gudanar da ita a karo na biyu da zaɓin kwatanta lambobin tantancewa, domin in tabbatar abin da ya isa daidai yake da abin da ya tashi. Na roƙi kowa kada ya goge komai daga tsohon wurinsa tukuna.

Wannan roƙo ne ya sa wani dattijon abokin aikinmu ya tambaye ni: "Malam, ba ka ce ko biyu sun mutu kayanmu na nan ba? To me kuma ya rage?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, idan ka goge folda yanzu, duka huɗun za su goge ta tare a daƙiƙa guda." RAID yana kare mu daga abu ɗaya ne kawai, mutuwar faifai. Gogewa bisa kuskure, da manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, da gobara, da sata, da wutar da za ta ƙona akwatin gaba ɗaya, duk babu ruwansa da su. Haka nan manhajojin da ke daidaita folda tsakanin kwamfuta da akwatin, domin su ma suna kwafe gogewa da lalacewa da irin amincin da suke kwafe gyara.

Kariya ta farko a kan wannan ita ce hoton yanayin fayiloli. Btrfs ba ya rubutu a kan tsohon bayani, yana ajiye sabon a wani wurin ne, saboda haka riƙe yanayin folda kamar yadda take da ƙarfe goma na safe ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya sauya bayan nan. Na saita a riƙa ɗauka duk sa'a a lokutan aiki, a riƙe na kowace rana tsawon wata guda, na kowane wata kuma tsawon shekara. Waɗannan hotuna ba a iya sauya su daga kwamfutar ma'aikaci, don haka ko manhajar fansa ta kama kwamfutar wani ta bi ta kulle foldar ayyuka, ana iya komawa sa'ar da ta gabata. Amma suna zaune ne a cikin akwatin, duk abin da ya ci akwatin ya ci su.

Don haka na bi ƙa'idar da aka fi sani da 3-2-1: kwafi uku na kowane abu, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Na tanadi manyan fayafan USB guda biyu da ake musanyawa, ɗaya yana jone yana karɓar kwafi kowane dare, ɗayan yana ajiye a wani gini, a ƙarshen mako su sauya wuri. Na kuma buɗe ma'ajiya a intanet, amma a nan gudun turawa ne ke iyakance buri: da megabit 20 a daƙiƙa, terabait ɗaya yana buƙatar fiye da kwana huɗu da rabi ba tare da tsayawa ba. Saboda haka takardu da hotuna da ayyukan da aka kammala su ne ke tafiya can, ɗanyen bidiyo kuwa ya tsaya a fayafan USB. Duk kwafin da zai bar ginin ana kulle shi da mabuɗin sirri kafin ya fita, kuma na buga mabuɗin a takarda na ajiye a wurare biyu, domin mabuɗin da ke cikin akwatin kaɗai zai tafi tare da akwatin. Kwamfutocin ma suna tura nasu kwafin zuwa NAS, na Mac ta Time Machine, na Windows ta tsarin tarihin fayiloli, kowanne da iyakar wurin da aka yanka masa, in ba haka ba Time Machine zai ci gaba da ci har ya cika ma'ajiyar.

Shiga daga waje shi ne buƙatar da aka fi matsa mini a kanta, kuma shi ne inda na fi taka-tsantsan. Hare-haren manhajojin fansa na Qlocker a 2021 da DeadBolt a 2022 sun kulle dubban na'urorin NAS, kuma waɗanda abin ya shafa galibi su ne waɗanda shafin sarrafa su ke buɗe ga intanet kai tsaye. Na kashe UPnP a rauta da akwatin, domin shi ne ke ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin mai ita ba, ban kuma buɗe wa waje ƙofar da SMB ke bi, mai lamba 445, ba. Wanda yake son fayil daga nesa sai ya fara kunna VPN na WireGuard a na'urarsa, wanda ke shigar da shi hanyar sadarwarmu tamkar yana zaune a ofis. Mataki ɗaya ne aka ƙara, an ɗan yi gunaguni a farko, daga baya aka saba.

Sai da aka gama duk wannan sannan na zo ga gwajin da na fi ba muhimmanci. Na zare filogin UPS daga bango, na tsaya ina kallo har akwatin ya karɓi saƙon, ya jira mintunan da na saita, ya rufe kansa lafiya. Na goge wata folda, na dawo da ita daga hoton sa'ar da ta wuce cikin ƙasa da minti ɗaya. Sannan na kashe akwatin ɗungurungum, na ɗauka tamkar babu shi a duniya, na jona faifan USB da wata kwamfuta don in ga ko za a iya fito da fayil daga cikinsa. Kwafin yana cikin siga ta musamman da sai manhajar kamfanin ke buɗewa, saboda haka na ɗora kwafin wannan manhajar a kan kowane faifan, na rubuta matakan a shafi ɗaya, na ba wata abokiyar aiki takardar da faifan da mabuɗin, ta fito da fayilolin da na ambata mata ba tare da na sa baki ba. Bayan wannan ne na sanar da kowa cewa yana iya goge tsofaffin kwafinsa.

Abin da ya rage aikin kulawa ne, kuma yawancinsa na'urar ke yi da kanta. Duk wata tana bin bayanan gaba ɗaya tana kwatanta su da lambobin tantancewa, tana gudanar da gwajin SMART, ni kuma ina duba ƙididdiga biyu a rahoton, ta sassan da faifai ya sauya saboda lalacewa da ta waɗanda ke jiran a sauya su, domin idan suka fara hawa, lokacin sauya faifan ya yi ko da bai mutu ba. Akwai faifai na biyar a ajiye cikin ledarsa saboda wannan. Sabunta manhaja na tsaro yana shiga da kansa, gwajin dawo da fayil daga faifan waje kuma na sa shi a kalanda duk wata uku. Na saita gargaɗi idan ma'ajiyar ta kai kashi 80 cikin ɗari, domin faɗaɗa ta ba aikin yini ɗaya ba ne: ana sauya fayafan da manya ɗaya bayan ɗaya, a jira kowanne ya gama ginuwa kafin a taɓa na gaba, kuma a RAID 6 ƙarin wurin ba ya bayyana sai an sauya na huɗun.